Umarni a Sifaniyanci da Hausa: Kwatanci da Misalai daga Hausar Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Babu wani harshe da ba shi da hanyar sa mutum ya aikata abu ko hana shi aikatawa. Uwa takan aiki ɗanta, mai gona yakan kira 'yan gayya, malami yakan sa almajiri ya wanke allo, sarki kuma yakan sa a yi shela. Duk waɗannan umarni ne a wurin masana nahawu, ko da kuwa wani daga ciki roƙo ne, wani kuma addu'a. Inda harsuna suka sha bamban shi ne dabarar da kowanne yake bi. Wani harshe yakan sauya ƙarshen aikatau, wani ya sauya karin sautinsa, wani kuma ya sa wata kalma a gabansa.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda ake gina umarni a Sifaniyanci da aikatau mai bin ƙa'ida, sa'an nan a jera shi da na Hausa don a ga inda suka yi tarayya da inda suka rabu. An ɗauko misalan Hausa daga Daidaitacciyar Hausa da kuma Hausar arewacin Jihar Zamfara, watau ta Birnin Tsaba da sauran garuruwan ƙasar Zurmi, da Ƙauran Namoda da Shinkafi. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, karin harshensa yana rarrabe wasu sigogi da rubutun Daidaitacciyar Hausa ya cakuɗa su, kamar yadda za a gani nan gaba.

A cikin misalan Hausa, inda ake bukata, an sa alamar ( ` ) a kan wasali mai karin ƙasa. Wasalin da ba shi da alama karinsa sama ne. Dogon wasali kuwa an ninka shi.

2.0 Sifaniyanci da alaƙarsa da ƙasar Hausa

Sifaniyanci ɗaya ne daga harsunan da suka tsiro daga Latin, kamar Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, mafi yawansu a nahiyar Amurka, kuma Meziko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi. An buga littafin nahawunsa na farko a garin Salamanka a 1492, wanda Antonio de Nebrija ya rubuta. A 1713 kuma aka kafa hukumar da ke kula da daidaita harshen a Madrid.

Ko da yake harshen ya yi nisa da ƙasar Hausa, akwai igiyoyi da suka haɗa su. Ta farko ita ce Larabci. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, saboda haka Sifaniyanci ya ari ɗimbin kalmomin Larabci, kamar yadda Hausa ta ara. Kalmar alcalde, wadda take nufin shugaban gari, da kalmar Hausa alƙali, tushensu ɗaya ne. Ta biyu ita ce maƙwabtaka. Ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968, tana da Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma, kuma tsibirinta na Biyoko, wanda a dā ake kira Fanando Po, yana kusa da gaɓar tekun Nijeriya. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙodago a gonakin koko na tsibirin, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1942, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da aka kwaso su. Ta uku kuwa ita ce ƙwallon ƙafa, wadda ta sa sunayen Madrid da Basalona suka zama sanannu a bakin samarin birni da ƙauye.

3.0 Umarni a Sifaniyanci

3.1 Azuzuwan aikatau

Kowane aikatau na Sifaniyanci, idan aka same shi a ƙamus, yana ƙarewa da ɗayan ɗafe uku: -ar, ko -er, ko -ir. Idan aka cire wannan ɗafi, abin da ya rage shi ne saiwa. Aikatau mai bin ƙa'ida shi ne wanda saiwarsa ba ta sauyawa, sai dai a riƙa sauya mata ɗafi. Ga guda uku da za a yi aiki da su:

comprar, saya, saiwa compr-
vender, sayar, saiwa vend-
subir, hau, saiwa sub-

Kafin mai magana ya zaɓi ɗafi, tilas ya amsa tambaya uku. Mutum ɗaya yake yi wa magana ko jama'a? Tsaransa ne, ko wanda yake girmamawa? Sa shi yake yi, ko hana shi? Amsar waɗannan ita ce take tsayar da sigar aikatau.

3.2 Umarni ga tsara ko na ƙasa

Wakilin sunan da ake kiran aboki ko ƙane ko ɗa da shi shi ne tú, watau kai ko ke, don harshen bai bambanta namiji da mace a nan ba. Aikatau mai -ar yakan ƙare da -a, masu -er da -ir kuma su ƙare da -e:

¡Compra! Sayi!
¡Vende! Sayar!
¡Sube! Hau!

Wannan siga daidai take da wadda ake ba da labarin mutum na uku da ita a lokaci mai ci. Compra tana iya nufin "yana saye", tana kuma iya nufin "sayi". Murya da muhallin magana su ke rabewa, a rubuce kuma alamar motsin rai, wadda ake sa wa jimla gaba da baya, ta farkon a kife.

3.3 Umarni ga wanda ake girmamawa

Babba ko baƙo ko shugaba ba a ce masa tú, sai usted. Asalin wannan kalma shi ne vuestra merced, watau kamar a ce "alherinku", wadda yawan furtawa ya gajarta ta. Tun da asalinta suna ne, aikatau yakan bi ta da sigar mutum na uku, kamar ana maganar wani wanda ba ya wurin. Wajen umarni kuwa sai a koma ga sigar da ake fata da buri da ita, wadda ta yi daidai da abin da ake kira umartau a nahawun Hausa. Ƙa'idar ita ce musayar wasali: mai -ar ya ɗauki -e, masu -er da -ir su ɗauki -a.

¡Compre! A saya!
¡Venda! A sayar!
¡Suba! A hau!

A nan ne ɗalibi ya fi yin tuntuɓe. Wasalin -a a ƙarshen compra na tsara ne, amma a ƙarshen venda na girmamawa ne. Haka kuma -e a ƙarshen vende na tsara ne, amma a ƙarshen compre na girmamawa ne. Wanda bai riƙe ajin aikatau ba, yana iya yi wa dattijo maganar yara alhali yana zaton ladabi yake yi.

Akwai 'yar gyarar rubutu da ke biyo wannan musaya don a kiyaye furucin baƙin ƙarshen saiwa. Buscar, nema, yakan zama busque. Pagar, biya, ya zama pague. Cruzar, ƙetare, ya zama cruce. Wannan bai fitar da su daga masu bin ƙa'ida ba, don a baki saiwar ba ta sauya ba.

3.4 Umarni ga jama'a

A yawancin ƙasar Sifaniya jam'in tú shi ne vosotros. Umarninsa shi ya fi kowanne sauƙi: a cire -r ta ƙarshe a sa -d, sai a sami comprad, vended, subid. Jam'in usted kuwa shi ne ustedes, kuma -n kawai ake ƙara wa sigar tilo: compren, vendan, suban. A ƙasashen nahiyar Amurka ba a amfani da vosotros a maganar yau da kullum, saboda haka compren ita ce ta yara da manya baki ɗaya. A Ajantina da Urugwai da wasu ƙasashe kuma akan ce vos a maimakon tú, a mai da ƙarfin murya kan gaɓar ƙarshe: comprá, vendé, subí. Idan mai magana ya sa kansa ciki, sai ya ce compremos, vendamos, subamos, watau mu saya, mu sayar, mu hau.

3.5 Hani

Wajen hani, sigogin nan na musamman, irin su compra da comprad, ba su aiki sam. Sai a sa no a gaba, kowa da kowa ya koma umartau:

no compres, kada ka saya
no vendas, kada ka sayar
no subas, kada ka hau
no compréis, no vendáis, no subáis, kada ku saya, kada ku sayar, kada ku hau

Sigogin usted da ustedes, tun da dama umartau ne, ba abin da ke sauyawa a jikinsu: no compre, no compren.

3.6 Wakilin suna karɓau

Idan umarni na sawa ne, wakilin suna yakan manne a bayan aikatau su zama kalma ɗaya: compra da lo su ba da cómpralo, saye shi. Alamar da ta bayyana a kan ó tana nuna cewa ƙarfin murya bai gusa daga gaɓar farko ba. Idan kuwa hani ne, sai wakilin sunan ya dawo gaba ya tsaya shi kaɗai: no lo compres, kada ka saye shi.

3.7 Masu saɓa ƙa'ida

Aikatau takwas ne suka shahara da saɓa ƙa'idar tú, kuma dukansu gaɓa ɗaya ne: ven, zo, ve, je ka, di, faɗi, haz, yi, pon, ajiye, sal, fita, ten, riƙe, da sé, zama. Duk kalmomi ne da ba a wuni ba a furta su ba.

4.0 Umarni a Hausa

4.1 Umarni tsura

Hausa tana da hanya biyu. Ta farko ita ce a furta aikatau shi kaɗai, ba lamiri a gabansa. Wanda ya dubi rubutu kawai zai ɗauka ba abin da ya sauya a jikin aikatau, amma kunne ya san ba haka ba ne. F. W. Parsons, a nazarinsa na 1960, ya kasa aikatan Hausa aji bakwai bisa ga karin sautinsu da wasalinsu na ƙarshe. Abin sha'awa shi ne, idan aka zo umarni tsura, kusan duk azuzuwan sukan ajiye karinsu su ɗauki kari ɗaya, watau ƙasa sa'an nan sama:

yaa zaunàa, zàunaa!
yaa karàntaa, kàràntaa!
yaa taashì, tàashi!
yaa rufèe, rùfee!
yaa sayar, sàyar!
yaa kaawoo, kàawoo!

Waɗanda dama karinsu ƙasa-sama ne, kamar shìga da fìta da tàfi, ba su sauyawa. Aji na biyu, idan ba karɓau a bayansa, yakan ƙare da -i, kamar ɗàuki! da sàyi! Idan wakilin suna ya biyo shi, sai karin ya shimfiɗu a kan kalmomin biyu kamar kalma ɗaya ce: yaa tàimàkee nì ya koma tàimàkèe ni! Haka yaa baa nì ya koma bàa ni! Wannan ya yi kama da mannewar da aka gani a cómpralo. Aji na ɗaya kuwa, idan suna ya biyo shi, duk gaɓoɓinsa ƙasa suke: dàfà àbinci!

Masu gaɓa ɗaya, irin su ci, sha, yi, bi, zo, suna zama da karinsu na sama idan su kaɗai ne. Akwai kuma jèe-ka da jèe-ki, da yaa-kà da yaa-kì, waɗanda suke ɗauke da wakilin suna a bayansu, da kuma ungo, wadda ba ta da wani aiki sai miƙa abu. A nan ma, kamar a Sifaniyanci, kalmomin da baki ya fi sabawa da su su ne suka fita daga ƙa'ida.

Umarni tsura na mutum ɗaya ne kawai, kuma bai bambanta namiji da mace ba. Hausa ba ta da abin da ya yi daidai da comprad.

4.2 Umartau

Hanya ta biyu ita ce a sa lamiri mai gajeren wasali da karin ƙasa a gaban aikatau, shi kuma aikatau ya riƙe karinsa na asali: kà zaunàa, kì zaunàa, kù zaunàa, mù zaunàa, yà zaunàa, tà zaunàa, sù zaunàa, à zaunàa. Da wannan ake umartar jama'a, da shi ake rabe mace da namiji, da shi ne kuma ake jera umarni, don na farko kaɗai ke iya zama tsura: "Tashi ka ɗauki fartanya ka bi su." Hani ma da shi ake yinsa, bayan kada ko kar. Ba a cewa "kada zauna", sai "kada ka zauna". A bakin mutane da yawa r ɗin kar takan rikiɗe ta zama baƙin da ke biye da ita, a ji kak ka, kat ta.

4.3 Abin da Hausar arewacin Zamfara ta adana

Birnin Tsaba da Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi suna cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kuma Hausarsu tana cikin rukunin Hausar yamma. Ko da yake yankin ya daɗe yana cuɗanya da baƙi, musamman tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Ƙauran Namoda a 1929, karin harshen bai gushe ba, balle a karkara da bakin dattawa. Siffofinsa da suka shafi umarni su ne waɗannan.

Ta farko, inda Daidaitacciyar Hausa take da f, a nan akan ji h ko hw: tahi, hita, hwaɗi. Ta biyu, ma ake sawa gaban suna a maimakon wa: "Kai ma Malam." Ta uku, lamirin umartau na namiji mutum na uku shi ne shi a maimakon ya: "shi shigo", "ranka shi daɗe", "Allah shi gafarta Malam". Ta huɗu, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana ninka baƙin farko na aikatau, ko ya ɗauki -nka: yat tahi, kaz zo, tac ci, munka, kunka, sunka, anka.

Amfanin siffa ta uku da ta huɗu zai fito fili idan aka dubi wannan jimla ta Daidaitacciyar Hausa: ya tafi. A rubuce kalma biyu ne, amma a baki jimla uku ne. Akwai yaa tàfi, labarin abin da ya riga ya auku. Akwai ya tàfi, kamar a cikin "jiya ya tafi". Akwai kuma yà tàfi, umarni. Rubutun boko ba ya nuna kari ko tsawon wasali, saboda haka duka ukun suka zama ɗaya a takarda. Mutumin Birnin Tsaba kuwa, in ya rubuta yadda yake faɗi, zai sami ya tahi, da yat tahi, da shi tahi, kowacce da kamanninta. Haka "ya tashi ya tafi", wadda mai karatu ba zai san labari ce ko kora ba sai ya duba abin da ke kewaye da ita, a wannan yanki ko dai "yat tashi yat tahi" ce, ko "shi tashi shi tahi".

Sai dai wannan bai warware matsalar duka ba. Kaa sayar da kà sayar har yanzu rubutunsu ɗaya ne ko a Zamfara. Ɗan ci-rani da ya aiko wa ƙanensa saƙon waya cewa "ka sayar da hatsin", yana iya zama tambaya yake yi ko an sayar, ƙanen kuma ya karanta shi a matsayin umarni ya kai hatsi kasuwar Shinkafi. Sifaniyanci yana da irin wannan haɗari, don compre, a saya, da compré, na saya, ƙarfin murya kaɗai ya raba su. Bambancin shi ne, su sun ɗora wa rubutunsu alamar da ke rabewa. Mai rubutun Hausa kuwa dabararsa ita ce ya ƙara kalma, ya ce "sai ka sayar", ko "shin ka sayar?"

5.0 Inda harsunan suka haɗu

5.1 Tsari

Idan aka jera bayanan da suka gabata, za a ga ginin ɗaya ne a manyan wurare uku. Kowane harshe yana da siga ta musamman ta umarni kai tsaye, wadda ba ta da yawa. Kowanne yakan koma umartau wajen hani, da wajen mutum na uku, da wajen "mu". Kowanne kuma yakan guji umarni kai tsaye idan ana magana da babba. Inda suka rabu shi ne, Sifaniyanci da ɗafi yake aiki, Hausa kuma da kari da lamiri. Sifaniyanci yana da umarni kai tsaye na jam'i, Hausa ba ta da shi. Hausa tana rabe kà da kì, Sifaniyanci ba ya rabewa.

5.2 Girmamawa

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da ta yi daidai da usted, amma aikin da take yi sananne ne ga kowane Bahaushe. Yaro mai tarbiyya ba ya ce wa mahaifinsa "zauna" ko "zo". Abin da zai ce shi ne, "Baba, a shigo daga ciki," ko "Inna, ga ruwa, a sha." Matar aure, wadda dama ba ta faɗin sunan mijinta, takan ce, "Malam, a taso ga abinci." Suruki akan ce masa ku ko da shi kaɗai ne. A kasuwa mai saye zai ce wa tsaransa "rage mini", amma dattijo sai ya ce masa "Alhaji, a rage mana". Lamirin a yana kawar da ido daga kan wanda ake umarta, kamar yadda usted take mai da shi mutum na uku. Akan kuma tausasa magana da "don Allah" ko "sai" ko "mana", kamar yadda su ke ƙara por favor.

Abin mamaki shi ne, wannan lamiri da na ƙasa yake ladabi da shi, da shi ne na sama yake zartar da hukunci. Idan damina ta faɗi, mai shela yakan zaga gari yana cewa Sarki ya ce a ɗaure dabbobi, kada a bar su su shiga gonaki. Ba a ambaci kowa ba, saboda haka ya hau kan kowa. Allunan sanarwa na Sifaniyanci ma sukan bar aikatau a sigarsa ta ƙamus, ba mai aikatawa, kamar no fumar, ba a shan taba. Na Hausa kuwa sukan ce "ba shiga".

5.3 Addu'a da fata

A harsunan biyu, sigar da ake umarni da ita ita ce ake addu'a da ita. ¡Viva el rey!, daga vivir, rayu, mai bin ƙa'idar -ir, daidai take da "ran Sarki ya daɗe", ko "ran Sarki shi daɗe" a fadar Zurmi. ¡Que suba! ita ce "ya hau" ko "shi hau". Akwai kuma kalmar ojalá, wadda ake buɗe fata da ita, umartau ya biyo baya. Asalinta Larabcin Andalus ne mai ma'anar "in Allah ya so". Ojalá venda, ke nan, kusan daidai take da "Allah ya sa ya sayar".

5.4 Umarni a cikin sunaye

Hausa tana da ɗimbin harɗaɗɗun sunaye da aka gina da umarni: dafa-duka, hana-salla, faɗi-ka-mutu, sha-ka-tafi, bar-ni-da-mugu, jeka-na-yi-ka. Karin dàfà a cikin dafa-duka shi ne dai karin da aka gani a dàfà àbinci! Sunayen da akan ba yaron da aka haifa bayan mutuwar yayyensa, irin su Abarshi da Abarta da Barmani da Ayashe, su ma umarni ne ko roƙo da ya daskare ya zama suna. Sifaniyanci ma yana da irin wannan gini. Correveidile, magulmaci, jimla ce sukutum mai nufin "ruga, je ka, ka faɗa masa". Nomeolvides, sunan wani fure, hani ne mai nufin "kada ka manta da ni", kuma ana iya ganin ƙa'idar 3.5 da ta 3.6 a cikinsa: no a gaba, wakilin suna a tsakiya, umartau a ƙarshe.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darasi biyu. Na farko ya shafi mai koyon Sifaniyanci. Yawancin littattafan da ke isowa Nijeriya ta hanyar Ingilishi suke koyar da shi, shi kuwa Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga kai da ke da ku, kuma sigar aikatau ɗaya ce ga sawa da hanawa. Saboda haka ɗalibi yakan ga sigogin Sifaniyanci kamar wani nauyi ne marar dalili. Da za a ce masa compra ita ce sayi, compre ita ce a saya, comprad ita ce ku saya, no compres kuma ita ce kada ka saya, da ya gane cewa ya riga ya san tsarin tun yana goye, ɗafin kawai ya rage ya haddace.

Na biyu ya shafi malaman Hausa, musamman a makarantun Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi. Wajibi ne ɗalibi ya iya Daidaitacciyar Hausa, don da ita ake jarrabawa, da ita ake buga littafi da jarida. Amma yaron da ya zo aji da yat tahi da shi tahi ya zo da mabuɗin darasin lokutan Hausa a bakinsa. Maimakon a ja masa jan layi kawai, ya kamata malami ya rubuta sigogin nan uku a allo, ya sa ya tafi a gaban kowacce, ya bar yara su furta su ji bambancin da kunnensu. Ta haka za su riƙe ƙa'idar rubutu, su kuma san darajar harshen gidansu.

Akwai bukatar a ci gaba da tattara sigogin umarni daga bakin manoma da mata da 'yan kasuwa na wannan yanki, tare da nuna karin sautinsu, a kuma gwada su da na Katsina da Gobir da Maraɗi, domin nahawun Hausa ya tsaya a kan dukan karorinta.